Idan na canza furosesa zuwa i7-4790K, zan samu damar ƙara masa gudu da gaske?

Nasiru Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in kashe kuɗi. Kwamfutar da nake haɗa bidiyon biki da ita tana ɗauke da i5-4590 da RAM 8GB, haɗin hannu ce, ba Dell ko HP ba. Idan aiki ya yi tsawo, fitar da shi sai ya cinye mini rabin yini, ga masu biki suna ta kira a waya. Na ga i7-4790K tokumbo a wani shago a Beirut Road, mai shagon ya ce in na saka shi zan iya yi masa obakulok, wato ɗaga gudunsa sama da inda kamfani ya saita shi, har 5GHz. Shin gaskiya ne idan mutum ya koma babban furosesa damar ƙara gudu tana ƙaruwa? Ko in bar kuɗina?

Mubarak Zoo Road: Wa alaikumus salam. Saya kawai, Malam Nasiru. Wanda ke hannunka ba shi da K, a kulle yake, ko me ka yi masa ba zai wuce 3.7GHz ba. Shi kuwa 4790K a buɗe yake. Kuma kamfani yana ware silikon mafi kyau ne ya yi i7 da shi, ragowar ya tafi i5. To ka ga kana hawa sama damarka tana ƙaruwa.

Malam Habu Mai Gyara: Kafin a yi nisa, Nasiru, wane bod ne a cikin kwamfutar, wato babban allon da furosesa ke zaune a kai? Sauke CPU-Z, manhajar da ke nuna kayan cikin kwamfuta, ka buɗe shafin bod ka karanto mana abin da ya rubuta a wajen cifset, wato guntun da ke tsara ayyukan bod. Duk maganar da za a yi kafin mu ji wannan, iska ce.

Nasiru Kurna: To Malam. Ya rubuta H81.

Malam Habu Mai Gyara: Ka ji inda gizo ke saƙar. A tsarin Intel, harafin K a jikin furosesa rabin mabuɗi ne, ɗaya rabin yana jikin bod. Na zamanin naka, wato soket (mazaunin furosesa a kan bod) LGA1150, cifset Z87 da Z97 ne aka yi domin wannan aikin. H81 shi ne na ƙasa gaba ɗaya, an yi shi ne domin kwamfutar ofis. Gudun furosesa lissafi ne mai sauƙi: agogon bod 100MHz ne, a ninka shi da wata lamba. Lamba 44 ta ba ka 4.4GHz. Wannan lambar ce kake son ɗagawa, kuma a yawancin H81 ko ka shiga BIOS, shafin saitin bod, za ka tarar da wurin a toshe.

Mubarak Zoo Road: Da izininka Malam Habu, ba duka ba. Akwai kamfanonin bod da suka fitar da BIOS wanda ya buɗe wannan wurin a H81 da B85, musamman lokacin da Pentium G3258 ya fito a 2014. Mutane da yawa sun kai shi sama da 4GHz daga 3.2 a kan bod mai araha.

Malam Habu Mai Gyara: Haka ne, an yi. Amma G3258 kor biyu ne kacal (kor shi ne sashen da ke yin lissafi a cikin furosesa), wutar da yake ci ba ta da yawa. Shi 4790K kor huɗu ne masu layin aiki takwas, a rubuce wat 88, kuma da ka taɓa shi zai wuce haka nesa. Nasiru, cire murfin gefe ka haska tocila kusa da fankar furosesa. Za ka ga wasu 'yan akwatuna baƙaƙe ko ruwan toka a jere, da ƙananan baƙaƙen kwanoni kwance a gefensu. Su ne ke karɓar bolt 12 daga fawafak, akwatin da ke ba kwamfuta wuta, su sauko da shi zuwa abin da furosesa ke buƙata. Ƙirga mana su, kuma ka duba ko akwai ƙarfen sanyaya a kansu.

Nasiru Kurna: Uku na gani. Babu wani ƙarfe a kansu, a tsirara suke. Ƙura ma ta lulluɓe su.

Malam Habu Mai Gyara: To ka gani. Irin waɗannan ake kawo mini, wurin ya yi ruwan ƙasa kamar an ɗora garwashi, in ka juya bod ɗin ta baya ka ga tabon zafin ya ratso. Mai ita ya ce ba ta taɓa nuna alama ba, alhali ta daɗe tana kashe kanta a tsakiyar aiki yana cewa wuta ce. Bod mai kyau na Z97 za ka ga irin waɗannan guda shida ko takwas, da ƙarfe a kansu.

Sadiq BUK: Ni ina so in koma kan maganar Yaya Mubarak ta farko, domin a nan ainihin tambayar take. Abu biyu ake haɗawa: gudun da furosesa zai kai, da kuma ratar da ta rage tsakanin inda kamfani ya ajiye shi da iyakarsa. Babban furosesa yana ba ka na farko. Na biyun kuwa sau da yawa raguwa yake yi.

Ku duba tarihi. Celeron 300A na 1998 ana ɗaga shi daga 300MHz zuwa 450MHz, ƙarin rabi cif. Core 2 Quad Q6600 na 2007 yana fitowa a 2.4GHz, kusan kowa yana kai shi 3.0 ba tare da wahala ba. i5-2500K na 2011 yana fitowa a 3.3GHz, da fanka mai kyau 4.5 abu ne da aka saba gani. Duk waɗannan masu matsakaicin farashi ne ko masu araha, kamfani ya ajiye su ƙasa da ƙarfinsu domin kasuwa.

Shi 4790K fa? Yana farawa ne daga 4.0GHz, ya hau da kansa zuwa 4.4 a kan kor ɗaya ko biyu, 4.2 idan duka huɗun suna aiki. Abin da yawancin mutane suke samu a kansa wajen 4.6 zuwa 4.7 ne. Ainihin silikon ɗin iri ɗaya ne da na 4770K da ya riga shi, sai dai kamfanin ya ɗaga shi tun daga masana'anta. Saniya ce da aka riga aka tatsa kafin a kawo ta kasuwa, ɗan abin da ya rage a hantsar shi kake saya da sunan obakulok.

Mubarak Zoo Road: Amma Sadiq, 4.7 ai ya fi 4.5 ɗin 2500K ɗinka. Kuma a Disamban 2022 an haura 9GHz da i9-13900K. Tsofaffin nan wanne ya yi haka? Ni abin da na sani sabon furosesa yana zuwa inda tsoho ba ya zuwa.

Sadiq BUK: An yi wannan da ruwan hiliyam ne Yaya, sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da sifili, na ɗan lokacin da za a ɗauki hoton sakamako. Babu wanda ya haɗa bidiyo da shi. Ban musa cewa sabo ya fi gudu ba. Abin da nake cewa, gudun nan kana samunsa tun daga kwali, ba sai ka taɓa komai ba. Akwai ma wani shago a Amurka mai suna Silicon Lottery, sana'arsa ita ce gwada furosesa ɗaya bayan ɗaya ya ware masu jure gudu ya sayar da tsada. Ya rufe a 2021, kuma cikin dalilan da ya bayar har da cewa ratar ta ƙanƙance, kamfanoni suna cinye ta da kansu.

Nasiru Kurna: To 5GHz ɗin da aka faɗa mini fa?

Malam Habu Mai Gyara: Akwai 'yan ƙalilan da suka kai, amma da bod na Z97 mai tsada, da sanyaya ta ruwa, yawanci kuma bayan sun ɓalle murfin ƙarfen da ke kan furosesan sun canza man da ke ƙarƙashinsa. Domin tun daga 3770K na 2012 Intel ta daina like murfin da dalma a wannan layin, ta koma sa mai, kuma wannan ya ƙara zafi. A 4790K sun gyara man, amma mai ne dai. Yanzu ka tuna wannan da ka gani an ƙera irinsa tun 2014. Man cikinsa ya shekara goma da ɗoriya, kuma ba ka san irin wutar da mai shi na farko ya ɗura masa a can ƙasar waje ba. Masu K su ne aka fi azabtarwa, domin wanda ya saye shi sabo da niyyar haka ya saya.

Zainab Hotoro: Salamu alaikum. Ina bin muhawarar, kuma har yanzu ba wanda ya yi maganar garin da muke zaune. Duk lambobin da kuke gani a YouTube an gwada su ne a ɗaki mai sanyi, digiri 21 ko 22. Mu a Kano a watan Afrilu zuwa Mayu waje yana kai 40, shagon da ke ƙarƙashin kwano kuma babu AC ba ya yin ƙasa da 35 da rana. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take turawa ta cikin ƙarfen. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru, kusan haka furosesa zai ƙaru. Wanda ya nuna 78 a wajensu, a teburin Nasiru zai haura 90. Shi kuma 4790K da ya taɓa 100 zai rage gudunsa da kansa domin kada ya ƙone. Sai ka ga mutum ya sa 4.6 a BIOS, amma a tsakiyar fitar da bidiyo yana gudu ƙasa da wanda bai taɓa komai ba.

Ga hunturu kuma. Sanyi ya zo an ji daɗi, amma ƙura tana shiga tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya ta zama kamar auduga. Ni aikin zanen gini nake yi, kuma in lokacin ya zo ina buɗe tawa a kai a kai in hure ta da bulowa.

Sadiq BUK: Anti Zainab ta taɓo wurin. Bari in sa lissafi a kai. Wutar da furosesa ke ci tana tafiya ne da gudu sau boltej sau boltej, wato boltej ɗin sau biyu yake shiga. A ce a 4.2GHz yana cin bolt 1.15, kuma sai ka ba shi 1.30 kafin ya tsaya daram a 4.6. Gudu ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin ɗari, zafi kuwa ya ƙaru da kusan kashi 40. Bidiyon da ke fita a minti 60 zai fita a minti 55, idan komai ya tafi daidai. Minti biyar ke nan. Lambobin boltej ɗin misali na ba da, kowane furosesa da nasa, amma siffar lissafin ba ta canzawa.

Nasiru Kurna: Minti biyar kawai? Kai.

Auwal Mai Sola: Ku ƙara da maganar wuta. Nasiru, da me kake aiki in an ɗauke?

Nasiru Kurna: Ƙaramin janareta ne, muna raba shi da mai aski na kusa da ni. Babu UPS.

Auwal Mai Sola: To duk lokacin da ya kunna abin busar gashi ko wani abu mai jan wuta, wutar da ke zuwa maka tana faɗuwa ta dawo. Fawafak mai kyau yana shanye wannan, amma irin marar nauyin nan da ake haɗowa da akwati, wanda aka rubuta wat 500 a jikinsa alhali in ka ɗaga kamar ba komai a ciki, ba ya iyawa. Furosesan da ke kan saitin kamfani yana da ɗan sarari na jure irin wannan. Wanda aka kai bakin iyakarsa ba shi da shi. Ka yi awa guda kana fitar da bidiyon kamu, saura kaɗan ya kammala, allo ya yi shuɗi. Minti biyar ɗin da ka ci riba ka biya su da awa.

Mubarak Zoo Road: Ni dai ban yarda a tsorata mutane haka ba. Tawa i5-4690K ce a kan Z97, daga 3.5 na kai ta 4.4, kuma a nan Kano nake, ba a Landan ba. Fankar Hyper 212 ce a kanta, ba sanyaya ta ruwa ba. A wasa ina ganin bambancin da idona, musamman inda mutane suka yi yawa a allo. In an san abin da ake yi, abu ne mai kyau, kuma akwai daɗin koyo a ciki. Da yawa daga cikinmu ta nan muka fara sanin mene ne BIOS.

Malam Habu Mai Gyara: Ba wanda ya ce haramun ne, Mubarak. Amma duba abin da ka lissafa da bakinka: Z97, Hyper 212, kuma na san kana da inbata a gida. Kuma ka lura naka i5 ne, ƙaramin ɗan uwan 4790K, ya tashi daga 3.5 zuwa 4.4. Da i7 ɗin ka saya da ka tashi daga 4.0 zuwa wajen 4.6. Wanne ya fi samun ƙari? Kai da kanka hujjar Sadiq ce.

Mubarak Zoo Road: Ta fuskar kashi cikin ɗari, na yarda. Ta fuskar wanda zai riga gama aiki, i7 ne.

Zainab Hotoro: Kuma a nan nake ganin Mubarak yana da gaskiya, sai dai dalilin ba obakulok ba ne. Nasiru zai tashi daga layin aiki huɗu zuwa takwas, daga gudun 3.3 zuwa 4.0. Fitar da bidiyo aiki ne da ke cin duk layin da ka ba shi. Ko bai taɓa shiga BIOS ba zai ga canji a fili. Akwai ma i7-4790 marar K, 3.6 zuwa 4.0GHz, wat 84 kamar i5 ɗin da yake kai yanzu, kuma yawanci ya fi araha saboda yana fitowa da yawa daga kwamfutocin ofis da ake kwancewa. Irin wannan bai taɓa ganin boltej fiye da na kamfani ba tunda aka yi shi. A kan H81 mai 'yan akwatuna uku a tsirara, ni shi zan saka.

Sadiq BUK: Na goyi bayan haka. Ragowar kuɗin a sa RAM ta zama 16GB, wanda shi ne iyakar H81, ramuka biyu 8 da 8. In kuma har yanzu a kan tsohon hadis mai juyawa yake aiki, SSD ta fi komai gaggawa.

Nasiru Kurna: SSD ina da ita, 256GB, amma bidiyoyin suna kan hadis na waje.

Zainab Hotoro: Kwafo aikin da kake kai zuwa SSD ɗin kafin ka fara yanka, in ka gama ka mayar. Jan bidiyo ta USB daga hadis na waje shi kaɗai yana iya sa maka tsaiko.

Ibrahim Sharaɗa: Tambaya daga gefe, ku yi haƙuri. Idan mutum yana da halin canza komai fa, furosesar Ryzen ta kamfanin AMD ba ta fi ba? Na ji an ce dukkansu a buɗe suke.

Zainab Hotoro: Ita nake amfani da ita, Ryzen 5 5600 a kan B450. Kor 6, layi 12, wat 65 a rubuce. Gaskiya ne yawancinsu a buɗe suke, kuma ba sai bod mafi tsada ba, B350, B450 da B550 duk suna bari, A320 ne ba ya bari. Amma abin da Sadiq ya faɗa ya fi fitowa fili a nan. Tana da tsarin da ke duba zafi da wuta a kowane lokaci ta ɗaga gudun da kanta har 4.4GHz in akwai sarari. In ka kafe ta da hannu a lamba ɗaya, ribar ƙanƙanuwa ce, wani lokacin ma ka yi asara a aikin kor ɗaya. Abin da ya fi amfani a garinmu shi ne akasin haka: rage mata boltej ta saitin Curve Optimizer da ke cikin BIOS. Zafi ya sauka, ita kuma da ta ga sanyi sai ta ƙara gudu da kanta. Sai kunna XMP domin RAM ta yi gudun da aka rubuta a jikinta, domin DDR4 3200 in ba a kunna ba tana zaune a 2133 ko 2400. Mutane da yawa sun biya kuɗin 3200 ba su taɓa amfani da shi ba.

Amma ga Nasiru wannan yana nufin sabon bod da sabuwar RAM, domin DDR3 ɗinsa ba za ta shiga ba.

Malam Habu Mai Gyara: Kuma manya-manyan na baya-bayan nan sun nuna inda abin ya kai. i9-14900K yana fitowa daga kwali da 6.0GHz, yana cin wat 253 bisa ƙa'idar kamfani. A 2024 Intel da kanta ta amsa cewa wasu na ƙarni na 13 da na 14 suna neman boltej fiye da kima har yana lalata su, ta fitar da gyara ta BIOS, ta ƙara shekara biyu a garanti. Wannan ba tare da mai shi ya ƙara komai ba ke nan. Wanda zai saka irin wannan a ɗakin da ke digiri 36, aikinsa na farko ragewa ne.

Mubarak Zoo Road: Duk da haka in bambancin kuɗin 4790 da 4790K bai yi yawa ba, ni ina ganin ya ɗauki mai K. 400MHz ne kyauta ko bai taɓa shi ba, kuma in Allah ya hore masa Z97 nan gaba yana da abin wasa da shi.

Sadiq BUK: In zai nemi Z97 tokumbo da fanka babba da fawafak na kirki, kuɗin ya kusa kai shi AM4, soket ɗin Ryzen, Yaya. Ban ga dalilin zuba kuɗi haka a soket na 2013 ba.

Mubarak Zoo Road: Ya danganta da abin da ya samu a kasuwa ranar.

Nasiru Kurna: Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na fi karkata ga marar K da ƙarin RAM. Malam Habu, in na je me zan duba kafin in biya?

Malam Habu Mai Gyara: Gani ya kori ji, kada ka karɓa a leda ka tafi. A saka shi a bod a gabanka, ka buɗe CPU-Z ka tabbatar sunan da ke allo ya yi daidai da na jikin murfin, domin ana goge rubutu a sake bugawa. Juya bayansa ka duba kwanonin zinaren, kada a sami tabon ƙuna ko ɗaya daga cikin 'yan ƙananan kayan tsakiya ya ɓalle. A kunna Cinebench, manhajar gwada ƙarfin furosesa, ya yi minti goma, HWiNFO mai nuna zafi a buɗe a gefe kana kallon zafin kowane kor. In ɗaya ya fi sauran da digiri goma sha wani abu, man ƙarƙashin murfin ya bushe, ka nemi wani.

Kafin ka cire i5 ɗin kuma, shiga shafin kamfanin bod ɗinka ka ga ko 4790 yana cikin jerin waɗanda BIOS ɗinka ya sani. Da yake 4590 da 4790 tare suka fito a 2014, mai yiwuwa ba ka buƙatar komai. In ana buƙatar sabuntawa, kada ka yi a kan janaretan nan naku, wuta ta yanke a tsakiya bod ya mutu. Kawo ta shago da safe a yi a kan inbata. Ka taho da fankarka ma in gani, in ta Intel ce marar jan ƙarfe a tsakiya ba za ta riƙe i7 a watan Afrilu ba.

Auwal Mai Sola: Ka ɗauki hoton takardar da ke jikin fawafak ɗin ka turo, layin da aka rubuta +12V nake so in gani.

Nasiru Kurna: Bari in tashi daga aiki in buɗe ta, zan turo bayan Magariba in sha Allah.